Hanyar da Harajin Mai Ke Bi Kafin Ya Koma Inda Aka Haƙo Shi

A kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa yakan zauna ya kasafta abin da ya taru a asusun tarayya, kuma da wannan zama ne albashin malamin firamare a Tudun Wada, da na ma'aikaciyar jinya a asibitin Shika, da kuɗin yashe magudanan ruwa a Sabon Gari suke ɗamfare. Kaso mai tsoka na abin da ake rabawa asalinsa ɗanyen mai ne, wanda aka haƙo a fadamu da bakin tekun yankin Neja Delta, nisan ɗaruruwan kilomita daga Zariya. Duk da haka, idan zancen mai ya taso a majalisunmu, abu biyu muka fi tattaunawa: farashin lita a gidan mai, da ƙorafin cewa jihohin can suna karɓar ƙarin kaso 13 cikin 100 amma ba su daina kuka ba. Da wuya ka ji an tambayi abin da harajin nan yake yi wa tattalin arzikin yankin da ake fitar da man, ko ta wace hanya yake bi kafin ya koma can, in ma yana komawa. Ni kuwa ina ganin wannan tambaya tamu ce, saboda muna ci daga kuɗin, kuma saboda tun watan Nuwamba na 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ba sauran ɗan Arewa da zai ce lamarin na wasu ne.

An samu mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, sannan a 1959 aka kafa dokar harajin ribar mai, wadda da farko ta raba ribar biyu tsakanin gwamnati da kamfani. Da farashi ya tashi a shekarun 1970 sai aka yi ta ɗaga harajin, har ya kai kaso 85 cikin 100 na ribar a 1975. Ban da wannan akwai kuɗin da kamfani yake biya a kan kowace gangar da ya fitar daga ƙasa, ko ya ci riba ko bai ci ba, akwai kuɗin hayar fili, akwai kuma rabon da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, yake ɗauka a matsayinsa na abokin tarayya mai kaso 55 ko 60 cikin 100. Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ce gwamnati ba ta rage wa kamfanoni komai ba. Sai dai abin da ya fi damun mutumin Oloibiri shi ne, ko sisi daga waɗannan kuɗaɗe ba a biya a garinsu ko a sakatariyar ƙaramar hukumarsu. Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa da ruwa, dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka mai gona ba shi da haƙƙi sai na diyyar shukarsa da ginin da ya yi a kai. Harajin kan tashi ne daga asusun kamfani ya wuce kai tsaye zuwa gwamnatin tarayya, daga can kuma a yanke abin da za a mayar.

Abin da ake mayarwa ɗin yana da tarihi da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani, domin da mu aka fara shi. A lokacin samun 'yancin kai a 1960, da kuma a tsarin mulki na 1963, ƙa'idar ita ce yankin da aka haƙo ma'adini a cikinsa yana riƙe rabin kuɗin ganga da na hayar fili. A wancan zamani harajin fitar da amfanin gona ma ga yankin da ya noma ake mayar da shi, kuma da wannan ne gyaɗar Kano da audugar ƙasar Zazzau da Funtuwa da Gusau suka riƙe gwamnatin Jihar Arewa, wadda ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ba wanda ya ce mana a lokacin gyaɗa ta kowa ce. Da mai ya zama shi ne babban abin dogaro, sai aka fara zaftare kason: a 1970 ya koma 45 cikin 100, a 1971 aka cire man cikin teku daga lissafi, a 1975 ya faɗo zuwa 20, a 1982 ya zama 1.5 kacal. A 1992 aka ɗaga shi zuwa 3, sai tsarin mulki na 1999, a sashe na 162, ya ce kada ya gaza 13. Mutumin Bayelsa da ya ga wannan jeri yana da hujjar da zai ce an canza masa ƙa'ida ne daidai lokacin da ta fara yi masa amfani.

Akwai amsar da akan ba shi, kuma ba amsar banza ba ce. Gyaɗa da gumin manomi ake samunta, mai kuwa ba wanda ya shuka shi, kuma da dukiyar ƙasa baki ɗaya aka kare rijiyoyin nan a lokacin yaƙin basasa. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a nan Samaru, ya yi shekaru yana muhawara a kan cewa mai mallakar Najeriya ne gaba ɗayanta, ba na wata ƙabila ko wani yanki ba. Na yarda da wannan ɓangare na maganar. Inda na tsaya shi ne, ko da man na kowa ne, ɓarnar haƙo shi ba ta kowa ba ce. Mu a cikin birnin Zariya mun san kududdufi. Ana ɗibar ƙasa a buga tubali a gina gidaje a unguwanni daban-daban, amma ramin yana nan a bayan gidan mutum guda, shi ke fama da sauro, shi ruwa ke ci wa gindin katanga, shi ke fargabar kada yaronsa ya faɗa ciki da damina. Idan aka ce kuɗin ƙasar da aka ɗiba na dukan gari ne, to adalci shi ne a fara cire abin da zai cike masa ramin kafin a raba sauran.

To ina kaso 13 ɗin yake zuwa? Ana cire shi daga kuɗin ma'adinai kafin a raba sauran, inda gwamnatin tarayya ke ɗaukar 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Mafi yawansa yana tafiya ne ga jihohi huɗu da suka fi fitar da mai, wato Akwa Ibom da Delta da Ribas da Bayelsa, kuma a asusun gwamnatin jiha yake sauka. Tsarin mulki bai ce a kai wa ƙauyen da rijiyar take ba, bai kuma ce a yi aiki kaza da shi ba. Wasu jihohi sun kafa hukumomin raya yankunansu masu mai, kamar jihar Delta da ta yi doka cewa rabin kason ya tafi ga irin wannan hukuma, amma gwamna ne ke naɗa shugabanninta, shi ne kuma ke sakin kuɗin. A watan Nuwamba na 2022 gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya bayyana cewa gwamnatin tarayya ta biya jihohin yankin tsofaffin bashin wannan kaso da suka taru tun 1999, kuma a ranar ne jama'ar wasu jihohin suka fara jin cewa irin wannan kuɗi ya shigo. Tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha, kotu ta same shi da laifin almundahana a 2007, tsohon gwamnan Delta, James Ibori, kuma wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 13 a 2012. Kada wani ya ɗauka wannan halin mutanen kudu ne, domin a 2018 an ɗaure tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba a kan irin wannan laifi. Duk inda kuɗi mai yawa ya sauka a hannun mutum guda ba tare da mai tuhumarsa ba, abin da kan biyo baya ke nan.

Wannan shi ne a ganina babban lahanin da harajin mai ya yi wa yankin, kuma mu ma ya taɓa mu. Gwamnatin da take rayuwa da harajin jama'arta dole ta damu da ko kasuwa tana ci, ko masunci yana kama kifi, ko mai shago yana samun riba, domin idan suka talauce ita ma ta talauce. Gwamnatin da kuɗinta ke zuwa daga Abuja a ƙarshen wata ba ta da wannan larura. Ko kogi ya mutu, ko gonar rogo ta daina bayarwa, asusunta ba zai ji ba muddin bututu yana gudana. Iyayenmu a nan suna tuna zamanin haraji da jangali, da irin wulaƙancin da talaka ya sha a hannun masu karɓa, kuma soke su da gwamna Balarabe Musa a Kaduna da gwamna Abubakar Rimi a Kano suka yi a 1979 daidai ne, ba na ja da shi. Amma a wancan lokaci mutumin da ya biya yakan ɗaga takardar shaidarsa ya tambayi ina rijiyar da aka yi alkawari. Yau kuwa idan shugaban ƙaramar hukuma ya gina aji biyu, sai a yi masa godiya kamar daga aljihunsa ya cire. A jihohin da kuɗin mai ya fi yawa wannan cuta ta fi tsanani, domin babban ciniki a can ya zama neman kusanci da gidan gwamnati: kwangila, muƙami, ko shiga jerin masu karɓar wani abu a wata. Matashi mai basira da zai buɗe masana'antar sarrafa manja ko kiwon kifi sai ya ga lissafin siyasa ya fi saurin biya.

Shi kansa aikin haƙar mai ba ya ɗaukar mutane da yawa. Jari yake ci da injuna, kuma duk da cewa shi ne mafi yawan abin da Najeriya ke sayarwa ƙasashen waje, bai kai kaso 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. 'Yan tsirarun da yake ɗauka suna samun albashi mai kauri, wanda kan ɗaga kuɗin hayar gida da farashin abinci a Fatakwal da Warri da Bonny, sai malamin makaranta da ɗan dako su riƙa sayayya a kasuwa guda da injiniyan kamfani. Ga kuma wani lungu na dokar haraji da ba a cika lura da shi ba: harajin albashi jihar da ma'aikaci yake zaune ake biya, manyan ofisoshin mafi yawan kamfanonin mai kuwa a Legas suke, don haka harajin manyan ma'aikata a can yake sauka. A 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya yi kira da kamfanonin su mayar da hedikwatocinsu yankin da suke aiki, amma kiran bai sauya abu mai yawa ba.

Tsarin harajin ma da kansa ya taimaka wajen nisanta aikin daga jama'a. A yarjejeniyoyin da aka ƙulla a 1993 domin jawo kamfanoni zuwa tsakiyar teku, an sa musu harajin riba na kaso 50 maimakon 85, kuma rijiyar da zurfin ruwanta ya wuce mita 1,000 ba ta biyan kuɗin ganga ko kaɗan, har sai da aka gyara dokar a 2019. Duk mai jari da aka ce masa a tudu zai biya 85 ya kuma yi fama da fasa bututu, a teku kuwa 50 ne babu mai damunsa, an san inda zai nufa. A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin waje sun sayar da rijiyoyinsu na tudu da na bakin ruwa ga kamfanonin cikin gida: na Agip ya koma hannun Oando, na ExxonMobil ya koma Seplat, na Shell kuma ya koma Renaissance. Suna barin tsofaffin bututu da filayen da suka gurɓata, kuma tambayar wa zai biya kuɗin gyara tana nan ba a warware ta yadda hankali zai kwanta ba.

Ɓarnar nan kuwa ba a rubuta ta a littafin kuɗin shiga, shi ya sa mai kallo daga nesa ba ya ganinta. A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta a kan ƙasar Ogoni, inda ta ce tsabtace yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ta kuma ba da shawarar a fara da dala biliyan 1. A garin Nisisioken Ogale an tarar da mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke haddasa ciwon daji, ninki sama da 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Ƙona iskar gas a sararin sama kuwa, tun 1979 aka yi dokar da ta sa 1984 a matsayin wa'adin dainawa, amma shekaru da dama tarar naira 10 ce kawai a kan kowane awo na ƙafa 1,000 na gas, sai a 2018 aka mayar da ita dala 2 ga manyan kamfanoni. Tarar da ba ta kai kuɗin gyara ba, izinin ci gaba ce kawai. Kuma a tsawon waɗannan shekaru ita ma tarar asusun tarayya take shiga, a raba da mu, alhali wanda harshen wutar ke haskawa ta tagarsa da dare bai ga komai ba.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana fataucin albasa da tumatir zuwa Fatakwal ya ba ni labarin baƙin ƙurar da ta addabi garin tun wajen 2016. Ya ce da ni, "Malam, in ka shanya farar riga da dare, da safe sai ka sake wanke ta. Idan ka yi alwala ka fyace hanci, baƙi za ka gani. Kuma ka dubi ikon Allah, gari a bakin ruwa, amma kifin ƙanƙara na kwali suke ci kamar mu." Mafi yawan wannan ƙura daga haramtattun matatun da matasa ke kafawa a cikin daji take fitowa, inda suke dafa ɗanyen man da aka sata a cikin tankunan ƙarfe, da kuma ƙona su da jami'an tsaro ke yi idan sun kama. Ba na kare satar mai, domin ita ma tana kashe kogin da ake kuka a kansa, tana kuma kashe masu yinta. Amma yaron da ubansa masunci ne, ya tashi ya tarar ba kifi, ga bututu ya ratsa ta bayan gidansu, ga shi bai taɓa ganin abin da harajin wannan bututu ya yi masa ba, ba abin mamaki ba ne idan ya karɓi nasa kason da zarto. A watannin Agusta da Satumba na 2022 abin da Najeriya ke haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan 1 a rana, ƙasar da ta saba wuce miliyan 2, kuma wannan giɓi ya taɓa kowace jiha har da tamu.

Ba za a ce gwamnatin tarayya ba ta yi yunƙuri ba. An kafa hukumar raya yankunan da ake haƙo mai, OMPADEC, a 1992, aka maye gurbinta da Hukumar Raya Yankin Neja Delta, NDDC, a 2000, wadda doka ta ce kamfanonin mai su riƙa ba ta kaso 3 cikin 100 na kasafin kuɗinsu na shekara, ban da abin da gwamnati ke zuba mata. A 2008 aka ƙara da ma'aikatar harkokin Neja Delta sukutum, a 2009 kuma marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa masu ɗauke da makamai afuwa, aka sa musu alawus na naira 65,000 a wata, matakin da ya kwantar da tarzoma ya dawo da haƙar mai. Sai dai binciken ƙwaƙwaf da aka miƙa wa gwamnati a 2021 ya nuna cewa kimanin naira tiriliyan 6 sun bi ta hannun NDDC, amma akwai ayyuka sama da 13,000 da aka yi watsi da su ko aka yi su a gurguje ba inganci. Hanyar da ta taso daga Warri ta bi ta Fatakwal zuwa Oron, wadda aka ba da kwangilarta a 2006, ta shafe shekara da shekaru ana aikinta. Tsibirin Bonny, inda ake lodin ɗanyen mai da iskar gas zuwa ƙasashen duniya, ya yi shekaru masu yawa babu titin da ya haɗa shi da tudu, sai da aka farfaɗo da aikin hanyar Bodo zuwa Bonny a 2017, da kuɗin kamfanin iskar gas na NLNG wanda ake cire masa daga harajin da zai biya. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan tarihi shi ne darasin da ya koya wa matasan yankin: wanda ya rubuta takardar koke ba a saurare shi ba, wanda ya iya tsayar da bututu shi ne ya samu alawus da kwangilar gadi.

Ga kuma rashin tabbas. Jihar da kusan duk kuɗinta daga mai yake, kasafinta yana hawa da sauka ne da farashin da ake yankewa a kasuwannin da ba ta da ta cewa a cikinsu. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, a watan Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, sai ga Bayelsa, duk da kason 13, ta kasa biyan albashi na watanni. Kuros Riba kuwa, bayan an miƙa Bakassi ga Kamaru, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyi 76 a 2012, ta wayi gari ba ta cikin masu karɓar kason. Jihar Alaska a Amurka ta hango irin wannan tun 1976, ta rubuta a tsarin mulkinta cewa aƙalla kaso 25 cikin 100 na kuɗin ma'adinai a ajiye shi a wani asusu da ba a taɓa uwar kuɗinsa, kuma tun 1982 ake raba wa mazauna jihar wani abu daga ribar a kowace shekara. A nan gida, da aka yi yunƙurin tara rarar kuɗin mai, gwamnoni ne na kudu da na arewa suka tafi kotu suna neman a raba.

Dokar masana'antar man fetur da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2021 ta zo da wani abu sabo, domin a karon farko ta buɗe hanyar da kuɗi zai isa ga al'umma ba tare da ya bi ta Abuja ko gidan gwamnati ba. Ta wajabta wa kowane kamfani ya kafa asusun amana na al'ummomin da yake aiki a cikinsu, ya riƙa zuba kaso 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar da ya kashe a shekarar da ta gabata, a yi ayyuka da kaso 75 na abin, a adana 20, a tafiyar da ofis da 5. Mutanen yankin kaso 10 suka nema, Majalisar Wakilai ta ce 5, ta Dattawa ta tsaya a kan 3. Wannan ci gaba ne, amma yana da rauni biyu da ke damuna. Kamfanin ne ke da babban hannu wajen naɗa amintattun asusun, sannan idan aka fasa bututu a yankin, kuɗin gyara daga kason al'umma za a cire, wato tsohuwar da ba ta san komai ba za ta biya laifin ɓarayin da wataƙila daga wani gari suka zo. Dokar ta kuma ware kaso 30 cikin 100 na ribar da NNPC ke samu daga yarjejeniyoyin rabon mai domin neman sabon mai a wurare kamar yankin Tafkin Chadi da Sakkwato da Bida da kwarin Binuwai. Gaskiya ne ba daga tukunya guda ake lissafin 3 ɗin da 30 ɗin ba, amma mu daina mamakin yadda mutanen can suka ji da aka ajiye lambobin biyu gefe da gefe.

Mu a Zariya muna da bashi a wuyanmu da ba mu cika ambatawa ba. Duk wanda ya zaga harabar jami'a a Samaru ko Kongo, ko ya shiga kwalejin ilimi ko kwalejin Nuhu Bamalli, zai ga gine-gine da allunan TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, manne a jikinsu, ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje da ofisoshin malamai. Wannan asusu ya samo asali ne daga gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i a 1992, zamanin shugabancin Attahiru Jega, aka kafa shi da dokar 1993 da ta ɗora harajin ilimi na kaso 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, kuma kamfanonin mai suna cikin manyan masu biya. Na kawo wannan ne domin yana nuna cewa idan aka ɗaure haraji da aiki takamaimai, aka rubuta sunansa a bango inda kowa zai gani, ana iya bin sawunsa, ko da ba a rasa ƙorafi ba. Kaso 13 ba shi da irin wannan allo a ko'ina.

Saboda haka, yanzu da ake maganar Kolmani, kuma har an fara jin cacar baki tsakanin mutanen Bauchi da na Gombe a kan ko rijiyoyin a ƙasar wa suke, ina ganin ana gardama ne a kan abin da bai fi muhimmanci ga talaka ba. Ko jihar da ta yi nasara ta samu kason, manomin Alkaleri da makiyayin Pindiga ba su da tabbacin komai sai an rubuta shi a doka tun kafin ganga ta farko ta fita. Majalisun jihohin biyu za su iya yin doka yanzu cewa wani kaso sananne na abin da zai zo dole ya tsaya a ƙananan hukumomin da ake haƙar, wani kaso a adana shi ba a taɓawa, kuma a riƙa liƙa adadin abin da ya shigo kowane wata a sakatariya da fadar hakimi, da Hausa da Fulfulde, a kuma karanta shi a rediyo. Yin haka yanzu ya fi sauƙi, domin babu wanda ya riga ya saba da cin kuɗin.

Abu na gaggawa kuma shi ne a auna ruwan rijiyoyi da na rafuka da ƙasar gonaki da burtalin shanu a yankin kafin aiki ya kankama, a ajiye sakamakon a hannun jama'a, ba a hannun kamfani kaɗai ba. Muna da masana kimiyyar ƙasa da na ruwa a jami'ar nan ta Zariya, ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru, ga cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando, Kaduna, kuma aikin bai fi ƙarfinsu ba. A Neja Delta ba a yi irin wannan awo ba kafin a fara, shi ya sa duk lokacin da mai ya malala sai a shiga musu a kan yawansa, da musabbabinsa, da yadda wurin yake a da. Masuntan garin Bodo da malalar mai ta 2008 ta kashe wa sana'a sai da suka kai ƙara har Landan, kuma sai a watan Janairu na 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya su fam miliyan 55.